Man Kaɗe a Ɗakin Wuta

Shekarar da na fara aiki a nadin harbi, wato kulob ɗin masu gwada hannu da bindiga, ta ba ni wuya, kuma ba zan yi mata ado ba. Tsayuwa daga safe har la'asar, ƙafa ta kumbura, ga gumin Jidda da ba ya bushewa a jiki, ga kunne yana kuka har cikin sujada. Warin albarushi ya kama rigunana, sabulu ya gaza. Ku kuna Tasawa kuna gaya wa abokanku babanku yana Saudiyya, kamar wanda ke zaune a inuwar Harami yana shan zamzam. To shara nake yi. Ina bin bayan masu harbi da tsintsiya ina tara kwanson harsashi, in an tashi in wanke bindigogin da ko ɗaya ba tawa ba ce.

Na san abin da kuka ji game da wannan shekara. Kun ji an ce wani dattijo ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa, na ɓata masa bindiga, sannan na juya na kai shi ƙara. Kawunku Lawali ne ya kai labarin gida, shi da bai taɓa taka ƙofar wurin ba. Ke Rabi kin taɓa tambayata a waya, na ce ki bar maganar. To yau ga ta. In kun karanta, kowa ya yanke abin da ya gani.

Sunan dattijon Abdulƙadir, a unguwa Abu Faisal ake ce masa, ni kuwa Baba nake ce masa. A unguwar Hindawiyya aka haife shi, ɗan ƙasa ne da takardunsa, ya yi gadin tashar jiragen ruwa har ya ajiye aiki. Mahaifiyarsa daga wajenmu ta fito, tana yarinya ta biyo ayarin alhazai ta ƙasa, ba ta koma ba. Shi ya sa Hausarsa irin ta tsofaffin mata ce. Yana faɗin kalmomin da rabona da jin su tun kakata na da rai, sai ya kai tsakiyar magana ya faɗa Larabci bai ma sani ba. A unguwarmu Khumra muka haɗu, lokacin ina aiki a makhraɗa, wato inda ake sassaƙa ƙarfe da inji. Ya kawo wani ƙarfen famfo a gyara, ya ji na zagi injin da Hausa, ya tambaye ni garinmu. Da na ce Tasawa sai ya jawo jarka ya zauna, bai tashi ba sai da aka kira azahar. Bayan wani lokaci wurin ya rufe, kafilina, ɗan ƙasar da nake zaune da sunansa, ya ce ko in samo wanda zai karɓi iƙamata, wato takardar zamana, ko ya buga mini fita daga ƙasar. Baba ne ya sa farar riga ya tafi wajen mudir, wato shugaban nadin da ya daɗe yana harbi a ciki, ya tsaya mini har aka mayar da kafalata can. Duk Juma'a kuma a gidansa nake cin abincin rana. Matarsa Hajiya Zahra takan tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka saboda ni, 'ya'yansu suna cin kabsa suna kallon yadda nake yankar loma suna dariya. Ban da wannan gida ba ni da inda zan cire takalmi in miƙe ƙafa a duk faɗin Jidda. Ku riƙe wannan, don a kansa maganar take.

Mai kula da bindigogin nadin wani Basudane ne, Usta Mirgani, tsohon soja wanda ya ƙare rayuwarsa a ɗakin makamai. Dogo ne, ba ya sauri, ba ya kuma son a taɓa masa kaya. Da ya ga na san ƙarfe sai ya fara nuna mini abubuwa. Ni kuwa ban yi nisa a karatun lakwal ba, amma tun ina ƙarami ba na iya ganin abu yana motsi ban so in san me ke tura shi ba. Shi ya koya mini sunaye. Ɗan kogon da harsashi ke kwanciya a gindin bututu, Larabawa na ce masa baitun nar, ni na mayar da shi ɗakin wuta. Ƙarfen da ke turo harsashi ciki ya kulle bayansa kamar sakata, shi ne tirbas. Doka ta farko da ya ɗora mini ita ce a sa wa ko'ina mai, ban da ɗakin wuta. Na tambaye shi dalili.

"Ya zol, in wuta ta tashi kwanso kumbura yake yi ya kama bango," in ji shi. "Bango ya ɗauki nasa kason, tirbas ya ɗauki nasa. In akwai santsi me zai kama? Duk dukan a kan tirbas zai sauka."

Bindigar Baba tsohuwa ce ta farauta, mai ɗora kanta, wato kana harbawa ita da kanta za ta tofar da kwanso ta ɗauko sabon harsashi. Katakonta ya yi baƙi daidai inda kuncinsa ke kwanciya. Tana da lasisi, a akwatin ƙarfe na nadi take kwana, kuma ba ya bari kowa ya wanke ta, ko Usta. Da kafaɗar hagu yake harbi, ba don shi bahago ne ba, sai don idonsa na dama ya yi yana, da na hagu kaɗai yake gani sosai. Wanda ya riƙe irin wannan bindiga ta hagu, tagar da kwanso ke fita tana daidai gaban fuskarsa.

A mako guda abubuwa biyu suka faru. Nadi ya kafa doka cewa kowa ya daina zuwa da harsashinsa daga gida, a kantin nadi za a saya. Baba ya yi ta mita, amma ya bi. Sannan ya kira ni ya miƙo mini bindigar, ya ce hannunsa ya fara rawa, in wanke masa ita. Na san girman abin da ya yi mini, shi ya sa na zage. Da na leƙa ɗakin wutar na tarar wani maiƙo mai ruwan ƙasa ya dafe a bango, da ɗan wari da na ji kamar na sani, amma ban tsaya tunani ba. Na ɗauka tsohon man inji ne. Na wanke shi tas da ruwan wanke ƙarfe, na goge, na busar, har yana ƙyalli.

Washegari ya zo ya sayi harsashin nadi ya kwanta a layinsa. Ina bayansa da tsintsiya. Na farko ya tashi lafiya, na biyu ma haka, ya ci gaba. Can sai na ji wata ƙara da ba irin ta sauran ba, kamar an haɗa harbi da tsaki. Hayaƙi ya feso ta tagar gefe. Baba ya saki bindigar ya dafe fuska. Da muka janye hannunsa, tabarau ɗin kariya ya yi baƙi, gefen hancinsa ya ɗan ƙone, ido dai Allah ya kiyaye. Abin da bindigar ta tofar a ƙasa kuwa ba kwanso ba ne, gindinsa ne kawai, kamar murfin kwalba. Sauran jikin yana can maƙale a ɗakin wuta. Mutane suka taru, har mudir ya fito daga ofis. Baba ya juyo ya dube ni.

"Tun kafin a haifi Faisal nake harba bindigar nan," ya ce. "Wala marra, ko sau ɗaya ba ta taɓa tofa mini a fuska ba. Jiya ka taɓa ta. Me ka zuba mata?"

"Baba, wanke ta kawai na yi."

"Ka wanke ta har ka wanke mata rai."

Wasu suka yi dariya. Shi bai yi ba, kuma da zai tafi bai yi mini sallama ba.

Da aka watse na share layin Baba daban, ban haɗa da na kowa ba, na kwashe kwanson da ya harba a hula na kai wa Usta. Tsoro na ji, ba ƙarya. Amma akwai abin da ya fi tsoron ƙarfi, ina so in san yadda wanki zai tsinka tagulla. Na yi shekaru ina yanka ƙarfe, ban taɓa ganin ruwa da tsumma sun yi wannan aiki ba. Usta ya jera su ƙarƙashin fitila ya ce in duba in faɗi abin da na gani. Kowanne yana da wani siririn zobe mai haske kewaye da shi, ɗan sama da gindi, kamar an ɗaura zare an kwance. Daidai wurin da wancan ya tsinke. Ya ɗauko 'yar waya ya lanƙwasa bakinta, ya zura cikin ɗaya, ya ba ni ya ce in ja a hankali ina gogar bango. Na ja. Da ta zo daidai zoben sai na ji ta faɗa wani ɗan kwari, tsak.  Daga waje layi ne kawai, daga ciki rami ne. Ban nemi izini ba, na ɗaure ɗaya a matsi na raba shi biyu a tsaye da zarto. Ga shi nan ƙuru-ƙuru. Tagullar tana da kauri a gindi, sai ta zo wurin nan ta sirance kamar takarda, sannan ta koma daidai.

"Wannan ja ne," na ce masa. "An ja ta ne kamar danƙo."

"Aiwa. Yanzu faɗa mini, wa ya ja?"

Ban sani ba, sai ya yi mini bayani, ni kuma zan yi muku yadda na fahimta. Harsashi yana da kafaɗa, ɗakin wuta ma yana da kafaɗar da ke tare shi. Daga wannan kafaɗa zuwa fuskar tirbas akwai tsawon da aka yanka daidai da harsashin, da 'yar rata kamar kaurin gashi don ya shiga ya fita. In ratar ta yi yawa, allurar da ke dukan gindi sai ta fara tura harsashin gaba har ya dangana da kafaɗa. Wuta ta tashi, gaban kwanso mai laushi ya kumbura ya manne da bango. Gindin kuwa mai kauri ne, ba ya mannewa, sai ƙarfin wuta ya koro shi baya yana neman tirbas. Gaba a riƙe, baya na tafiya, tsakiya ce ke shan wahala.

Daga nan ya buɗe aljihun tebur ya fito da ma'aunai uku na ƙarfe, siffar harsashi amma babu kai, kowanne ya ɗan fi ɗan'uwansa tsawo, bambancin da ido ba ya kamawa. Ya ciro guntun da ya maƙale, ya cire 'yar ƙugiyar tirbas da abin tofarwa don kada su yi masa ƙarya. Ya sa na farko ya tura tirbas da yatsa kawai. Ya kulle. Ya ce haka ake so. Ya sa na biyu, wanda lafiyayyar bindiga ba ta yarda da shi. Ya kulle, ko gardama babu. Usta ya yi tsaki. Ya sa na uku, wanda in ya shige an gama magana. Tirbas ya tafi, ya tafi, ya tsaya saura ƙiris. Ya ba ni na gwada da yatsana, na ji inda ya cije. Sannan ya haska fitila inda haƙoran tirbas ke zama in ya kulle. Wurin ya yi sheƙi, ya ɗan lotsa kamar kan kurfi da aka daɗe ana duka da guduma.

"Wanki ba ya cin ƙarfe a kwana ɗaya, ya Yusif," ya ce. "Wannan dukan shekaru ne. Amma me ya dake ta haka, wallahi ban sani ba."

Na ɗauka magana ta ƙare, an wanke ni. Ina! Baba ya dawo da gwangwanin madara cike da tsofaffin kwanson da ya harba a baya, don shi ba ya yar da su. Ya zube a teburin Usta ya harɗe hannu. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, da ido da waya. Babu zobe, babu kwari, sumul. Usta ya auna su, ya ga sun fi sabon harsashi tsawo daga gindi zuwa kafaɗa, alamar ratar ta daɗe a wurin. To in ta daɗe, me ya hana su sirancewa? Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Wannan ne karon farko da na ga ya rasa amsa, kuma bai ɓoye ba. Ya ce mai yiwuwa harsashin nadi ne gajere kaɗan, ya haɗu da ɗaki mai yalwa. Baba ya cafe maganar. Ya ce ko harsashinku ne ko ruwan da wannan ya zuba mata, bindigarsa dai lafiyarta ƙalau. Mudir yana jin nauyin Baba, sai ya yanke cewa ranar Asabar ya zo da nasa harsashin na gida a gwada. Usta ya ce in sun fito sumul ba shi da hujjar riƙe ta, tunda ba ta haɗiye ma'auni na uku ba.

Kwanakin nan da rabin kwanson da na yanka nake yawo a aljihu. Ko a bas, ko ina cin burodi, sai in fito da shi in juya. Ɗaki ɗaya, rata ɗaya, tagulla iri ɗaya. Wannan ta tsinke, waccan ta ƙi. Abin ya tsaya mini a rai kamar ƙayar kifi. Ranar Juma'a na yi niyyar in zauna a Khumra, don ban ga da wace fuska zan shiga gidan ba. Ana saukowa daga masallaci Hajiya ta kira ni.

"Isufu, na ji an ce ba za ka zo ba. Da ni ka yi faɗa?"

"A'a, Hajiya."

"To na riga na jiƙa shinkafa. Yalla."

Na je. Baba ya amsa gaisuwata idonsa na kan talabijin. Muka ci shiru, sai ƙarar cokalin Faisal, wanda ya gama ya ce yana da uzuri ya fice. Ana kawo shayi Hajiya ta shigo da wani gwangwani a buɗe, ta kara shi a gaban mijinta.

"Ya Abu Faisal, ka ji tsoron Allah. Man kaɗen nan daga Maraɗi aka kawo mini shi saboda gwiwata. Kullum sai in ga sawun yatsa a ciki kamar ɓera ya shiga."

"Ɗan kaɗan na ɗiba."

"Kaɗan ɗinka ne ya kai shi gindi. Isufu, ka ga mutumin nan? Matarsa na ɗingishi, harsashinsa na sheƙi."

Na ajiye kofin shayi.

"Harsashi, Hajiya?"

"Ka tambaye shi. Tun safe yake musu kwalliya kamar amare, wai gobe suna da jarrabawa."

Baba ya yi ƙwafa, amma mutum ne mai son a ga gwanintarsa. Ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin kujera ya buɗe. Ya lakaci man da babban yatsa, ɗan mitsitsi, ya murza harsashi tsakanin yatsunsa, ya goge da tsohon rawani, ya ɗaga shi ga haske. In ba a gaya maka ba ba za ka ce akwai komai a jiki ba. Na karɓa na kai hanci. Warin da na ji a ɗakin wuta ke nan. Warin ɗakin kakata.

"Ummi ce ta koya mini," ya ce, ya manta yana fushi da ni. "Iskar bahar tana cin komai a garin nan. Allurarta, kwaɗon ƙofa, keken ɗinki, ƙirjinmu in muna tari, duk man kaɗe. Tagulla in ka bar ta a Jidda kore take yi. Ni tawa ba ta taɓa yin kore ba."

Ba zan ɓoye muku ba, abin da na fara ji daɗi ne, irin daɗin da mutum ke ji in ƙullin da ya daɗe yana fama da shi ya kwance. Na ce Baba ba ni yatsanka. Ya ba ni yana harara. Na damƙe shi a tafina na ce ya ja. Ya ja, gaɓar ta miƙe har ta yi ƙara, yatsan bai fita ba. Na lakaci man Hajiya, tana cewa kai ma, na shafa masa, na sake damƙewa na ce ya ja. Yatsan ya sulɓe gaba ɗaya, gwiwar hannunsa ta daki jikin kujera. Na ce to haka kwansonka yake yi. Mai maiƙo ba ya kama bango, gaba ɗayansa yake sulɓewa baya ya daki tirbas, shi ya sa ba ya sirancewa, kafaɗarsa ce kawai ke buɗewa gaba ta cike wurin. Amma dukan da ya kamata bango ya raba, tirbas ne ke shanye shi shi kaɗai, shekara da shekaru. Ranar da na busar da ɗakin, aka kuma ba ka busasshen harsashi, ranar ce bindigar ta fara faɗin gaskiya. Man da ya ɓoye ciwon shi ne ya kawo shi.

Baba ba wawa ba ne. Ya daɗe yana kallon yatsansa.

"Ashe ba kai ba ne."

"Ba ni ba ne, Baba."

"Samihni, ya waladi, ka yafe mini. Na kunyata ka a gaban mutane."

Ya dafa kaina. Hajiya ta ce alhamdu lillahi, bari ta ɗora wani shayin. Da a nan aka tsaya, da yau ba na rubuta wannan. Amma tana fita ya rage murya.

"To halas. Gobe zan je da nawa, su fito sumul, Basudanen nan ya ba ni kayata. Zan faɗa wa mudir da bakina cewa ba laifinka ba ne. Kai kuma ba ka ga komai a gidan nan ba."

"Baba, mazaunin tirbas ya lotsa. Kwanso in ya tsinke hayaƙi ne ke fitowa. Tirbas in ya saki ƙarfe ne, kuma ta gaban idonka mai gani."

"Yaushe zai saki?"

"Ban sani ba. Ko Usta bai sani ba."

"To ka gani. Wataƙila in riga shi tafiya."

Na ce a sake mata tirbas da bututu. Ya ce an daina ƙera irinta tun tuni, kuma ai ni da kaina na ga lotsawar a jikin uwar bindigar take. Na ce nadi na da bindigogin haya. Ya dube ni kamar na ce ya yi hayar mata.

"Faisal ya karɓe makullin mota," ya ce. "Likita ya karɓe sukari da gishiri. Waɗanda muke fita jeji da su duk suna maƙabarta. Abu ɗaya ya rage da nake yi da hannuna a ce na iya. Shi ma kai za ka karɓe? Kai da na..."

Bai ƙarasa ba, kuma na gode masa da bai ƙarasa ba. Na sha shayin da ban ji ɗanɗanonsa ba na tashi. Hajiya ta biyo ni bakin ƙofa da sauran tuwo a leda. Ashe duk ta ji.

"Ni ban san bindiga ba, Isufu," ta ce. "Amma ni nake ɗiga masa magani a idon nan safe da yamma."

Ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba. Ta rufe ƙofa.

A bas ɗin Khumra na juya abin ta kowace fuska, ledar tuwo tana ƙona mini cinya. In na yi shiru, an wanke sunana, Juma'a mai zuwa ina kan tabarmata, kuma babu mai tuhumata ko da wani abu ya faru, don Usta ne zai saki bindigar, ba ni ba. Wannan na ƙarshen ne ma ya fi ci mini rai. Mutumin ya buɗe mini aljihun teburinsa, ya sa ma'auninsa a hannuna, ya ce bai sani ba a inda bai sani ba. Zan tsaya bayansa da tsintsiya ina kallo ana yi masa wasa da hankali? Sannan duk ranar da Baba ya kwanta a layinsa ni ne zan kasance a bayansa, ina sauraron kowace ƙara.

Abin da ya biyo baya kun san rabinsa. Ban sake cin tuwo a Hindawiyya ba. Baba bai nemi a kore ni ba, bai taɓa iƙamata ba, wannan ku rubuta masa. Ya rayu shekaru bayan haka yana karatun Alƙur'ani da idonsa na hagu, in mun haɗu a jana'iza ya amsa sallama ya wuce. Da ya rasu a sahun baya na tsaya. Ba zan ce muku tirbas ɗin nan da ya saki ba. Wataƙila da ya riƙe har ƙarshen ran Baba, da na raba tsoho da abin da yake so a banza. Ba wanda ya sani, kuma na daina neman wanda zai gaya mini.

Ranar Asabar ɗin na isa nadi kafin a buɗe ƙofa. Na tarar da Usta yana shan shayi a kan benci, na zauna na faɗa masa komai.

"Man me?" ya ce.

"Man kaɗe. Na 'ya'yan itace ne, a wajenmu ake yi. Mata na shafawa."

"A jikin harsashi? Ɗaya bayan ɗaya? Duk shekarun nan?"

Ya buga cinya ya ce ya salam, ya yi dariya har shayi ya zube masa a wando. Ya sa na sake yi masa bayanin yatsan, ya gwada da nasa. Sannan dariyar ta ɗauke. Ya tashi ya buɗe akwatin ƙarfe, ya zare tirbas ɗin ya naɗe a tsumma ya kulle a aljihun teburinsa, ya ɗaura jan ƙyalle a bakin bindigar.

"Shiga sito ka zauna har a gama," ya ce. "Zan ce ni na gano."

Na ce a'a. Na wanke hannu na fita na tsaya a bakin ƙofar nadi, inda ni zai fara gani. Ba a jima ba tasi ta tsaya. Baba ya fito a hankali, da farar riga, akwatin harsashi a hammata. Ya hango ni ya yi murmushi ya ɗaga mini hannu. Na nufe shi.